Murfin Rijiyar Kogonmu

Matera, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Filomena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki? Sanyin Jamus ya sake ku kuwa? Yaya 'yarki Karin da jikarki Svenja? Mu nan lafiya ƙalau, sai kunnena na hagu da ya ajiye aiki gaba ɗaya. Matata Graziella tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki kunnen lafiyarsa lau, abin da ba na so ne kawai ba na ji.

Na rubuto ne saboda sau biyu kina kashe min waya ina cikin magana. Takarda kuwa ba a kashe ta. Ko za ki yaga ta, na san halinki, sai kin karanta tukuna.

Kin ce Karin da Svenja za su zo ganin gari a watan Yuni, in ba su shawara irin ta ɗan gari. To ga ta, ki karanta musu.

Su bar takalmi mai tsini a gida. Duwatsun hanyar da kika sani da kaushi, ƙafafun baƙi sun goge su sun koma kamar sabulu. Ko ba ruwa santsi suke, in aka yi yayyafi kuwa sai addu'a. Kada su jawo akwati mai taya, matakala ce daga sama har ƙasa, kullum ina tsintar tayoyi a ƙofar gidana. Daga birnin Bari su hau bas, domin ƙaramin jirgin ƙasan nan sai ya tsaya a kowane ƙauye kamar mai zagayen ta'aziyya. Su fito da sassafe kafin manyan motoci su juye mutane wajen ƙarfe goma. Daga sha biyu zuwa huɗu dutse yana huci kamar tanda, kuma ba inuwa, su samu wuri su zauna su ci abinci. Kowaccensu ta riƙe gorar ruwa. Taswirar waya ba ta san garin nan ba, za ta ce musu sun iso alhali a kan rufin gidan da suke nema suke tsaye. In sun ɓace su hau sama, kowace matakala tana kai mutum gari. Su riƙe mayafi saboda coci-cocin cikin dutse, akwai sanyi, kuma masu gadi ba sa son ganin kafaɗa a buɗe. Burodi su sayi babba mai ɓawo, a gidan burodi, ba a shagon da ke sayar da huluna ba.

Shawara ke nan. Saura ɗaya maganar.

Kin ce in kai su babban titi in nuna musu gidan nan mai baranda kusa da kantin magani, in ce a nan aka haife mu, Baba kuma akawu ne. Filomena, gidan lauya ne, kin sani na sani. Shekara goma sha ɗaya Mama tana yi musu wanki, ta ƙofar baya take shiga. Ba zan yi ba. Shekara arba'in ina sassaƙa dutse a garin nan, duk wanda ya gamu da ni Mastro Damiano yake ce min, wato gwanin sana'a, kuma ba wanda bai san a kogo aka haife ni ba, alfadari a ƙurya, kaji a ƙarƙashin gado. Da wane baki zan tsaya a ƙofar mutane in ce gidanmu ne?

Na san abin da kika gaya wa marigayi mijinki da danginsa sa'ad da kika je can kina 'yar shekara goma sha takwas, kuma ban ga laifinki ba. A lokacin jaridu abin kunyar ƙasa suke kiran mu. Na tuna bayan gwamnati ta kwashe mu zuwa sabuwar unguwa, yara a makaranta har toshe hanci suke yi in mun shigo aji. Amma mijinki ya rasu, iyayensa sun rasu, kuma jikokin masu toshe hancin su ne yanzu ke rububin kwana a inda muke ɗaure alfadari. Wa ya rage da kike ɓoye wa?

In Karin ba ta tambaye ni ba, ba zan bi ta da magana ba. In ta tambaya, zan gangara da ita farfajiyarmu, ƙofa ta uku. Iyakar abin da zan iya yi miki ke nan.

Ki gaida su duka. Allah ya bar mu tare.

Yayanki,
Damiano

Matera, 14 ga Mayu

Ƙanwata Filomena,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yara. Mu muna nan yadda kika sani. Shahuna sun dawo sun cika rufin gidaje, wake ya shigo kasuwa.

Takardarki ta iso. Kin ce in na kai su ƙasa, ba ni ba ke har abada. Na karanta sau biyu don in tabbata. Shekara hamsin da biyu ba ki tako garin nan ba, jana'izar Baba ba ki zo ba, ta Mama furanni kika aiko. Me ya rage da za ki yanke? Ina nan a kan bakana.

Ranar Talata na gangara farfajiyarmu. Ban taɓa gaya miki ba, ƙofofi shidan nan duka sun zama otal guda. Lokacin da ake gyara su, shekara ashirin da suka wuce, an neme ni aikin na ce bayana ke ciwo. Bayana lafiya lau yake. Tun ranar da aka fitar da mu ban ƙara leƙa ƙofar nan ba.

Mai kula da wurin wata mace ce daga arewa, Signora Perego, ba ta fi shekarun Karin ba. Na cire hula na ce mata, "Ina kwana, Signora. Sunana Damiano. A ɗakinku na uku aka haife ni."

Sai ta kama hannuna da hannu biyu. "Baba, ai irinku muke nema ba mu samu. Za ka riƙa zuwa duk Asabar ka zauna a farfajiya ka ba baƙi labari? Suna son jin yadda ake rayuwa a da."

Ta nuna min wani allo da suka kafa a bango. An rubuta cewa a nan manoma suka rayu cikin sauƙi da ƙaunar juna tare da dabbobinsu.

Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Ta ce wani masani ne.

Na ce, "Masanin ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da alfadari mai gudawa?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake, ta ɗauko mabuɗi. Filomena, sun goge bangon ya yi fari, baƙin hayaƙin nan duk babu. Inda gadon su Mama yake sun sa wani gado da farin zane. Daga can ciki kuma, inda rijiyar tara ruwan sama take, sun fasa bakinta sun faɗaɗa, sun sa mata matakala da fitila a ƙarƙashin ruwa. Ruwan ɗumi ne. Wanka ake yi a ciki. Ta ce wurin da baƙi suka fi so ke nan, har hoto suke ɗauka.

Na nuna ruwan. Na ce mata, "Ƙanina ya mutu a cikin nan. Vito sunansa. Shekararsa biyu da rabi."

Ta yi alamar gicciye, na ga abin ya taɓa ta. Can sai ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma Baba, wannan kada ka gaya wa baƙi. Hutawa suka zo yi."

Na ce mata ta nemi wani don Asabar ɗinta, ni ba aku ba ne. Abin da nake so kawai ta ba ni ɗakin minti goma sha biyar ranar da 'yar ƙanwata ta zo. Ta yarda, da rana tsaka in baƙi sun tashi wasu ba su shigo ba, da sharaɗin in yi magana a hankali. Ba muguwa ba ce. Amma kin ga inda aka sa ni: ke kina so in ce ba mu zauna can ba, ita tana so in ce mun ji daɗin zaman. Duk na ƙi.

Na dawo gida ina ta huci ina ba Graziella labari tana ɓarar wake. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Sannu, Mastro mai gaskiya. Ka ƙi ƙaryar ƙanwarka, ka ƙi ƙaryar mai otal. Taka fa, sai yaushe?"

Na ce ban ji ba. Ta ce ai ta gefen kunne mai lafiya ta faɗa.

Ba zan yi miki bayanin wannan yau ba, hannuna ya gaji.

Ki ƙara gaya wa yara: masu keke mai ƙafa uku za su tare su a dandali, su tambayi kuɗi kafin su hau. In suna son ganin garin gaba ɗaya, su tsallaka kwazazzabo da yamma lokacin da rana ta yi sanyi, amma ba da silifa ba.

Ki huta lafiya.

Yayanki, ko kin so ko kin ƙi,
Damiano

Matera, 21 ga Yuni

Filomena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ina fatan kuma kina zaune, domin takardar nan tana da nauyi.

Sun zo sun tafi jiya. Karin tsayin ubanta ta ɗauko, amma tafiyar Mama ce sak, da na hango ta daga nesa sai na zaci Mama ce. Svenja kuwa duk shawarata akwati mai taya ta jawo, taya ɗaya ta fita tun kafin mu kai masauki. Na ce mata, "Kakarki ba ta karanta miki takardata ba?" Ta ce, "Ta karanta, Kaka, ta ce kai ka cika surutu." Yarinyar tana jin harshenmu fiye da uwarta, ita ta riƙa yi mana tafinta.

Kwana biyu na zagaya da su, ban ce komai ba, kamar yadda na yi miki alkawari. Rana ta uku muna kan babban titi Karin ta tsaya ta ce, "Kawu, wanne ne gidan mai baranda?"

Na nuna mata. Na ce, "Ga shi can. Kakarki ce ke yi musu wanki."

Ta dube ni ta dubi gidan. Ta ce, "To ku a ina kuke?"

Ita ta tambaya, Filomena. Na gangara da su.

Signora Perego ta cika alkawari, ta buɗe mana ta tsaya a bakin ƙofa. Na nuna musu inda muke kwana mu shida, inda alfadari yake, aljihun tebur ɗin da aka shimfiɗa wa Vito yana jariri. Da muka kai wurin ruwan Karin ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi magana Svenja ta fassara. Ta ce tun tana ƙarama ba ki taɓa barin ta ta je iyo ba. Ta ce in za ki yi mata wanka, ruwan baho ba ya wuce idon sawu, kuma ba kya sakin hannunta. Ta ce, "Kawu, me ya faru a nan?"

Na gaya mata abin da kowa ya sani. Su Baba da Mama sun tafi gona tun asuba, kakarmu ta kai ƙullu gidan burodi, aka bar miki Vito kina 'yar shekara bakwai. Aka iske rijiya a buɗe, yaro a ciki. Kowa ya ce ke kika buɗe. Baba ya ɗauko igiyar alfadari ya doke ki har sai da maƙwabta suka riƙe shi. Mama ta yi wata da watanni ba ta kallon fuskarki. Mata a farfajiya suna janye 'ya'yansu in kin matso.

A nan na yi niyyar tsayawa. Na tsaya a nan shekara sittin da uku. Amma bakina ya ci gaba.

Ni na buɗe murfin. Baba ya ce in ɗebi ruwa in cika tulu kafin in bi su gona. Na ɗaga murfin, na zura guga, sai na ji masu busa da ganga suna gwajin biki a sama. Na ce bari in leƙa in dawo. Na ajiye guga na fita da gudu, ban rufe ba. Da na dawo farfajiya ta cika da mutane. Shekarata goma. Ina tsaye a bakin ƙofa Baba yana dukan ki, ban ce komai ba. Washegari ban ce ba. Ranar da kika hau jirgi zuwa Jamus ni na ɗaukar miki akwati, ban ce ba. Graziella kaɗai na gaya wa, shekarar da muka yi aure.

Signora ta ce in yi magana a hankali. Ban yi a hankali ba, kurma bai san ƙarfin muryarsa ba. Wasu baƙi biyu sun tsaya a farfajiya suna ji. Ba ta hana ni ba, ta dai ja ƙofa ta rufe mu ciki.

Karin ta zauna a kan farin gadon nan. Ta faɗi wata kalma da Jamusanci. Svenja ta ƙi fassarawa sai da na matsa mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce kai matsoraci ne, Kaka."

Na ce, "Gaya mata gaskiya ta faɗa."

Ranar Karin ba ta ci abinci da mu ba. Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ita kaɗai, ta zauna a kicin, Graziella ta zuba mata taliya da soyayyen tattasai. Da 'yan kalmomin da ta iya ta ce in ba ta labarinki kina yarinya. Na gaya mata yadda kike hawa matakala bibbiyu da tulu a ka, da yadda kika ciji ɗan gidan maƙwabta da ya zage ni. Ta yi dariya ta yi kuka. Ba ta ce ta yafe min ba, kuma ba ita ce mai yafewar ba.

Ban yi nadamar kai su ba. Ko gobe aka sake tambaya ta zan sake. 'Yarki ta yi shekara arba'in da takwas tana zaton uwarta mai tsoro ce kawai, yanzu ta san dalili. Abin da nake nadama shi ne na bar ki kika ɗauki kayan da nawa ne kika tsallaka ƙasashe da shi, har kika gina wa kanki gida mai baranda don ki samu inda za ki ajiye shi. Ba ke kika buɗe murfin nan ba, Filomena. Ki zage ni yadda kike so, amma ki rubuto.

Yayanki,
Damiano

Matera, 12 ga Yuli

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Yaya jiki? Svenja ta ce min Karin tana zuwa wurinki kusan kullum yanzu, kuna zama kuna daɗewa. Na ji daɗin wannan.

Amsarki ta iso ranar Litinin. Layi biyar. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na je na zauna a kan katangar da ke kallon kwazazzabo na sake karantawa. Zan maimaita miki ita don ki san na fahimta.

Kin ce kin sani. Kin ce kina bayan alfadari kina tara ƙwai, kin gan ni na ajiye guga na fita. Kin gwada jan murfin ya fi ƙarfinki, sai kika fita nema na, da kika dawo babu Vito. Kin ce da kin faɗa, Baba da ya kashe ni, domin ni ban iya shan duka ba. Kin ce kada in ƙara tayar da maganar, kuma kada in zo.

Wato ina tsaye a bakin ƙofa ina tsoron kada ki gane, ke kuma kina ƙasa igiya tana sauka a bayanki kina kallona, kin riƙe bakinki saboda ni. 'Yar shekara bakwai. Ni nake ta cika baki a takarda wai ni ne mai tsayawa a kan gaskiya. Na daɗe a kan katangar nan, har wani mai jagorar baƙi ya zo ya ce, "Mastro, lafiya?" Na ce masa rana ce ta shiga min ido.

Na kai wa Graziella takardar. Ta sa tabarau ta karanta, ta cire, ta ce, "To me kake jira? Ka tsaya kamar turmi. Je ka nemo jakarka."

Na ce, "Ta ce kada in zo."

Ta ce, "Tun yaushe ka fara jin abin da ake gaya maka?"

Maganar farko na karɓa. Ba zan ƙara tayar da zancen rijiya ba sai in ke kika tayar. Ba zan kuma ƙara ce miki ki zo Matera ba. Ba dole ki so garin da ya yi miki haka ba, su baƙi su yi ta ɗaukar hotonsa.

Ta biyu kuwa ban karɓa ba. Ban taɓa shiga jirgin sama ba, ban taɓa wuce Napoli ba, ba na jin Jamusanci ko kalma ɗaya, kunnena ɗaya ne. Svenja ta shirya komai, za ta tare ni a filin jirgin garinku ranar Talata ashirin da uku ga wata, ta kawo ni ƙofarki wajen ƙarfe huɗu na yamma, ta tafi. Ba izini nake nema ba, sanarwa ce.

In kin ga dama kada ki buɗe. Zan zauna a kan dakalin ƙofarki da burodi a cinya, ni mutum ne da ya saba zama a kan dutse. Maƙwabtanki za su fito su ga wani tsoho yana cin burodi a ƙofar gidanki, su tambaye ki ko wane ne, sai ki san abin da za ki ce musu. Ni dai ba zan tashi ba sai na ga fuskarki na faɗa miki da bakina abin da ba ya shiga takarda.

Gwiwata ba ta son sanyin siminti, don haka kada ki daɗe kina shawara.

Yayanki,
Damiano